Ranar da injin ya ƙone, wa zai fid da kuɗi?

Wani malamin makaranta daga wani ƙauye na yankin Mirya, wanda kuma shi ne magatakardan kwamitin ruwa na garinsu, ya aiko da tambaya. Ya ce wata ƙungiya mai zaman kanta za ta haƙa musu rijiyar burtsatse, ta kafa shato, ta ja famfuna huɗu cikin gari. Ana cikin murna sai wakilin ma'aikatar magajin gari ya ce in an gama aiki ba kwamitin gari za a damƙa wa ba, wani ɗan kasuwa ne zai riƙe, kuma kowane bido sai an biya. Dattawa suka ce ba da su ba. Shi ne yake tambaya: "Ashe ruwa ba hakkin gwamnati ba ne? Me ya kawo ƙungiya, me ya kawo ɗan kasuwa? Anya ba sayar da mu ake yi ba?"

Malam, na karɓi tambayarka, Allah ya saka da alheri bisa wannan hidima da kake yi wa jama'a ba albashi. Na daɗe ina aikin ruwan sha na karkara a jihar Damagaram, wani lokaci ta gefen ma'aikatun magajin gari, wani lokaci ta gefen ƙungiyoyi. Irin zaman da kuka yi da dattawa na zauna shi ya fi a ƙirga, a gindin bishiya, kowa na ɗaga murya. In an bi doka, ba sayar da ku ake yi ba. Amma kada ka raina tsoron dattawan nan, gaskiya gare su da suka ji tsoro, gurbin da suka ajiye shi ne bai dace ba. Abin da ya kamata ya hana su barci shi ne a buɗe famfo da kiɗa da guɗa alhali ba a rubuta ko'ina ba wanda zai fid da kuɗi ranar da injin ya ƙone.

Ka ɗauki gona. Mu nan mun san bambancin aro da haya da jingina da sayarwa. A dukkansu wani ne ke noma gonar da ba shi ya gada ba, amma a guda ɗaya tak gona take fita daga hannun mai ita. Ka kuma san inda rigima take tasowa: aron da aka yi da fatar baki, shaidu suka rasu, jikoki suka tashi kowa na cewa ta kakansa ce. Dalilin da ya sa ke nan aka kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Cofo suna ba da takarda. Haɗin gwiwar hukuma da wasu wajen yi wa jama'a aiki haka yake. Ƙungiya ta gina ta miƙa wa hukuma, kyauta ke nan. Hukuma ta ba ɗan kasuwa ya tafiyar na wasu shekaru bisa sharuɗɗa, haya ke nan. Kamfani ya gina da kuɗinsa, ya ci moriya shekara kaza sannan ya mayar, wannan ya fi kusa da jingina. Abin da ake shirin yi a garinku kyauta ce da haya a haɗe, kuma kayan na komin ne, wato ƙaramar hukumarku, tun daga ranar da aka miƙa su.

Babu wanda ya kai birnin Damagaram sanin daɗi da ɗacin wannan haya. Garin a kan dutse yake zaune, ƙasan ba ta riƙe ruwa, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke hedkwatar mulkin mallaka daga nan zuwa Yamai a 1926. Ruwan da ke zuwa Birni da Zango da Sabon Gari daga nesa ake jawo shi, Gogo da Macaya ta kudu, Arunguza da Ganaram ta arewa. A 2001 gwamnati ta raba tsohon kamfanin ruwa na ƙasa gida biyu. SPEN na gwamnati ne ɗungurungum, shi ke da rijiyoyi da shato da manyan bututu, shi ke neman rance ya gina sababbi. SEEN kuwa, wanda kamfanin Faransa da aka fi sani da Veolia ke da kashi 51 cikin 100 na jarinsa, shi ne a lokacin ke tura ruwa, ya gyara ƙananan bututu, ya karanta kwantar, wato agogon ruwa, ya karɓi kuɗi. Farashi gwamnati ke yankewa. An ƙulla yarjejeniyar kan shekara 10, aka sabunta ta a 2011, ta zo ƙarshe a ƙarshen 2023, kamfanin gwamnati na NDE ya karɓi aikin.

To, duk bazarar da famfo ya ƙafe, mata suka kwana a layi a unguwar Garin Malam, 'yan garuwa suka tsauwala kuɗi, wa ake zagi? Wanda ke kawo takardar kuɗi ƙofar gida, don shi ido ke gani. Alhali ƙara yawan ruwan da ake ɗebowa, wato haƙa sababbin rijiyoyi da shimfiɗa bututu mai nisan kilomita da yawa, nauyin mai kaya ne. Mai haya ba ya raba abin da ba a ba shi ba. Ba wanke kowa nake yi ba, kowane gefe na da nasa. Abin da nake so ka gani shi ne mutane sun shafe shekara 20 da wani abu suna kai kuka ƙofar da sau da yawa ba ita ce mai maganin ba, don ba wanda ya zaunar da su ya ce ga aikin wane, ga aikin wane. Kuma da aikin ya koma hannun gwamnati, dutsen da ke ƙarƙashin garin bai narke ba.

Mu dawo ƙauye, inda maganarka take.

Me ya sa hukuma ta daina barin irin wannan ruwa a hannun kwamitin gari kaɗai? Don an gwada, shekara da shekaru, an ga inda abin ke karyewa. Akwai wani gari da na je cikin watan Afrilu, ba zan faɗi sunansa ba. Tun daga nesa kana hango shato tsaye, fentinsa bai ma gama koɗewa ba, allon ƙungiyar da ta gina yana nan da tutoci. Da muka isa, akuya ce kwance a kan daɓen famfo tana tuƙa. Mata sun koma tsohuwar rijiya mai zurfi, jakuna na jan igiya. Injin da ke cikin rijiyar ya ƙone wata bakwai da suka wuce. Na ce a kira ma'aji. Dattijo ne mai mutunci, ya zo da gwangwanin madara da ɗan littafin 'yan makaranta. Shekara biyar ana sayar da ruwa, abin da ke cikin gwangwanin bai kai kuɗin hayar motar da za ta kawo mai gyara ba. Muka buɗe littafin. Wane ya ranci jika 5 na suna. Wane jika 10 na iri. Jika 20 tarbar baƙin gwamnati. Jika 15 jana'izar ƙanen maigari. Komai a rubuce, da kwanan wata.

Babu ɓarawo a garin nan, Malam. Ma'ajin bai ci ko dala ba. Amma ka faɗa mini, wane mutum ne zai riƙe kuɗi a ɗaki, surukinsa ya zo da dare matarsa na naƙuda, ya ce masa a'a, wannan na injin da zai ƙone nan da shekara uku ne? Zumuncin da ke riƙe da gari shi ne ya cinye asusun. Irin wannan labari na gan shi a garuruwa da dama, sunayen da ke cikin littafin ne kawai ke sauyawa.

Saboda haka ne tun daga 2010, shekarar da aka fitar da dokar ruwa da kuma babbar dokar ƙananan hukumomi, tsarin ya tsaya a kan ƙafafu uku. Komin ce mai kaya. Ɗan kasuwa, wanda ake zaɓa ta hanyar gasa kuma ya sa hannu kan kwantaragi, shi ne mai tafiyarwa. Ku masu sha kuna kafa ƙungiyarku, wadda a takarda ake kira AUSPE, aikinta sa ido da kai ƙara. Kuɗin da aka tara ana kasa shi: kason mai tafiyarwa, wanda daga ciki yake biyan masu tsaron famfo da mai da ƙananan gyare-gyare, kason komin don bin diddigin aiki, da kason da ya fi kowanne muhimmanci, asusun sabuntawa da faɗaɗawa, wanda ke zama a banki ko gidan ajiya, ba a taɓa shi sai babban abu ya lalace ko za a ƙara famfo. Amfanin ɗan kasuwa a nan ba wai ya fi ku gaskiya ko wayo ba. Baƙo ne, ba surukin kowa ba ne, kuma ranar da famfo bai zuba ba shi ma bai ci ba.

Dattawa za su ce maka ruwa na Allah ne. Ka ce musu haka ne, amma bututu na kanti ne, gazuwal na gidan mai ne, mai gyara kuma yana da iyali. Sai ka yi musu lissafi a ƙasa da tsinke, da alƙaluman misali, kafin ku san naku na gaskiya. Bido mai lita 20, guda 50 ke cika lita 1000. A ce ana sayar da bido dala 2. In gari ya sha lita 30,000 a rana, bido 1500 ke nan, jika 15 a rana, jika 450 a wata. Da jin wannan wani zai zabura ya ce ashe arziki za a kwashe. Ka ce ya dakata. Da damina tabki ya cika, rabin gari ya koma can, ciniki ya faɗi, amma albashin masu tsaron famfo bai faɗi ba. In injin wuta ne, mai kaɗai zai lashe kaso mai tsoka. In farantan hasken rana ne an huta da mai, farantan kuma suna daɗewa, amma akwatin da ke sarrafa wutar da injin da ke cikin rijiya ba sa kai tsawon ransu, kuma ba kayan jika 50 ba ne. Duk wanda ya ce muku sola kyauta ce har abada, bai taɓa zuwa sayen kayan gyaranta ba.

Kada kuma ka ɗauka ɗan kasuwa mala'ika ne. Na ga wanda ya riƙe garuruwa da yawa, yana zuba abin da ya ga dama a asusun sabuntawa, rahoton wata kuma sai an yi ta binsa. Ma'aikatar magajin garin da ya kamata ta ja kunnensa ba ta da ma'aikacin ruwa ko ɗaya, babur ɗin sa ido kuma ba mai. Ka san wanda ya gano shi? Wani malami irinka. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan je gindin shato ya kwafe lambar da ke jikin babban kwantar, wato agogon da ke ƙirga duk ruwan da ya fita, a bayan littafin kiran suna. Bayan wata shida aka ɗora lambobinsa kusa da na rahoton mai tafiyarwa, ratar ta fito fili ba sai an yi rantsuwa ba. A wani garin kuma laifin na manya ne: gidan maigari da na wasu masu faɗa a ji an ja musu famfo har cikin gida, ba sa biya, ba mai iya tambayarsu. Mai tafiyarwa ya ga ba riba, ya ajiye makulli ya tafi. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Don haka haɗin gwiwa ba ya sauke wa hukuma nauyi, sauya mata irin nauyin yake yi. Da ita ke ɗaukar kaya, yanzu ita ke binciken mai ɗauka. Inda hukuma ta ɗauki sa hannu a takarda a matsayin hutu, nan abin ke ruɓewa.

Tambayarka ta haɗa da ƙungiyoyi, kuma a fannin lafiya ne aka fi ganin alherinsu da kuma raminsu. Wanda ya ga yunwar 2005 a wannan jiha ba zai yi musun amfaninsu ba. Tun daga wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki a Magarya, kuma cikin asibitin gwamnati take tallafa wa sashen yara, wanda ke cika maƙil duk lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suka haɗu tsakanin damina da kaka. A yankinku na Mirya kuma, tun 2009 ƙungiyar 'yan ƙasa ta BEFEN take aiki tare da ƙungiyar likitoci ta ALIMA da hukumar lafiya ta yankin. Daga nan ne wani abu ya fito da nake yawan buga misali da shi. Ka san ɗan madaurin nan mai launi uku, kore da rawaya da ja, da ake auna damtsen yaro da shi. In awo ya faɗa cikin ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ta yi tsanani. Da ma'aikata ne kawai ke riƙe shi. Sai aka gwada koya wa iyaye mata a yankin Dogo, aka kwatanta da Takeita inda ma'aikatan sa-kai ke awon. Aka tarar mata ba su gaza ba, kuma yara na isa likita tun ciwo bai ci ƙarfinsu ba. Yau wannan dabara ta bazu cikin ƙasa har ta ƙetara wasu ƙasashe. Me ya raya ta? Ba ta shan mai, ba ta neman albashi, tana rataye a ƙusa cikin ɗakin uwa. Makarantar mazaje da asusun UNFPA na Majalisar Ɗinkin Duniya ya soma a wannan jiha a 2008, inda magidanta ke zama suna jan hankalin 'yan'uwansu kan awon ciki da haihuwa a likita, ita ma ƙarfinta daga nan yake: abin da aka zuba cikin kan mutane ba ya bin mota ya koma Yamai.

Ramin kuma ga shi. A 2006, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, aka ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu awon ciki a duba su kyauta. Niyya ce mai kyau, kuma mata sun yi ta kai yara. Tsarin shi ne gidan likita ya yi magani, ya aika takardar kuɗi, gwamnati ta biya. Biyan ya riƙa makara, bashi ya taru har biliyoyin sefa. Majo ya buɗe kabad ba magani, sai ya rubuta takarda a je kanti a saya, kyauta ta zama ta baki. Inda akwai ƙungiya, ita ke cike giɓin: ta kawo magani, ta ɗauki ƙarin ma'aikata, ta zuba wa motar ɗaukar marasa lafiya mai. Sai ka ga gidajen likita biyu, tsakaninsu tafiyar awa ɗaya a babur, ɗaya kamar a birni, ɗaya ko auduga babu, bambancinsu kawai wanne ne ya faɗo cikin taswirar furoje. Ranar da furoje ya ƙare, ma'aikatan da yake biya su watse, jama'ar da ta saba da magani ta zo ta tarar da kabad wayam, ta huce a kan majo. Zanen aro ba ya rufe katara. Laifin ba na wanda ya ara maka ba ne, amma in kun shekara biyar tare ba wanda ya tayar da maganar ranar da zai karɓi abinsa, ku biyun kun yi sake.

Akwai wata cuta da mu ma'aikatan wannan fanni muka shuka da hannunmu, gara in faɗe ta tunda ni ma na raba ambulan ɗin. Kuɗin zama. Mun saba wa mutane cewa duk taron da aka kira akwai abin sawa a aljihu, har ya zama in ka kira taron gyaran famfon garinsu, tambayar farko ita ce nawa ake bayarwa. Ma'aikacin gwamnati ma ya gane kwana uku a taron horo sun fi masa mako biyu a ofis. Kat-kat ta shigo gari, kowa ya gyara zama ya faɗi abin da ya san baƙo na son ji. In ƙungiyar da ta zo muku ta fara da raba kuɗin zama, ku karɓa, ba haram ba ne, amma ka lura da waɗanda za su zo taro na biyu da ba a raba komai. Su ne 'yan ƙungiyar masu shan ruwa na gaskiya.

Manyan yarjejeniyoyi na gwamnati da kamfanoni ba su shafe ku kai tsaye ba, zan taɓa su ne kawai don ka ga dangi ɗaya ne. Nijar ta yi dokarsu a 2011, ta sake ta a 2018. Filin jirgin saman Diori Hamani na Yamai kamfanin Summa na Turkiyya ne ya sabunta shi da kuɗinsa, aka buɗe a 2019, zai riƙe shekara 30 yana mayar da kuɗinsa daga abin da masu tafiya da jirage ke biya. Matatar mai ta SORAZ da ke kan hanyar Tanut, wadda ta fara aiki a 2011, tarayya ce ta jari, kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin, 40 na Nijar. Ko filin jirgi ne ko famfon ƙauye, kuɗin ɗan kasuwa ba sadaka ba ne, zai dawo masa ta aljihun mai amfani ko ta baitulmali. Ba aibu ba ne in an faɗa a fili, an kuma san nawa ne, har zuwa yaushe.

'Yan shekarun nan sun koya mana abin da da muke faɗa ana ganin baƙin baki ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 masu ba da tallafi da dama sun dakatar da kuɗinsu. A ƙarshen 2024 da farkon 2025 hukumomi sun janye wa wasu ƙungiyoyi izinin aiki. A 2025 Amurka ta tsayar da mafi yawan taimakon da take bayarwa ta hukumar USAID, wadda a lokacin take da manyan ayyuka a wannan jiha. Ba siyasar abin nake magana ba, kowa da ra'ayinsa. Abokin aiki na iya naɗe tabarmarsa saboda dalilin da ba ruwansa da garinku, kuma ba lalle ya yi sallama ba. Sannan tun Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, wakilai naɗaɗɗu ke riƙe da su, wato kansilan da kuka zaɓa wanda da za ku tura ya yi tambaya a zauren majalisa ba ya nan. Idon da ya rage a kan ruwanku shi ne naku.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Ba zan yi gardama da dattawa a dandali ba, ba a kayar da dattijo gaban jama'a a zauna lafiya. Zan nemi biyu daga cikin waɗanda suka fi zafi, mu hau babura mu je gari biyu: ɗaya inda mai tafiyarwa ke riƙe da ruwa kuma yana zuba, ɗaya inda shato ya zama wurin kwanan tsuntsaye. Ba za ka sha wahalar samun kowanne ba a yankinku. Su tambayi matan garin da bakinsu, kai ka yi shiru.

In sun sauko, sai maganar takarda. Ku nemi kwafin kwantaragin da komin za ta ƙulla da mai tafiyarwa, a karanta shi da Hausa gaban jama'a kafin a sa hannu, ba bayan an sa ba. Ku ji shekara nawa ne, nawa ne bido, kuma wa ke da ikon ƙara farashi, don bai kamata ya zama mai tafiyarwa shi kaɗai ba. Ku ji kwana nawa aka ba shi ya gyara in ruwa ya tsaya, da abin da zai biyo baya in ya wuce. Wane gyara ne nasa, wanne ne na asusun sabuntawa, a rubuta su da suna, don a nan ake yawan jan-in-ja: shi ya ce babban gyara ne, komin ta ce ƙarami ne, mata na rijiya. Asusun kuma a san inda yake, hannu nawa ke fitar da kuɗi, kuma ƙungiyarku ta riƙa ganin takardar banki a kai a kai. Maganar wanda ba zai biya ba ku gama ta tun yanzu, tun ba a ja wa kowa famfo ba: masallaci, makaranta, gidan maigari, kowanne a sa masa kwantar, in gari ya ga dama ya ɗauke masa kuɗin ta hanyar karo-karo. Tsofaffi da marayun da ba su da dala biyu ma haka, gari ya san su, ya san yadda zai yi da su, amma kada a ce mai tsaron famfo ne zai riƙa yafewa daga aljihunsa. Masu tsaron famfon ku nemi a ɗauka cikin gari, kuma in da hali mata, su suka fi sanin wa ya ɗiba wa bai ɗiba ba.

Ita kuma ƙungiyar, kafin ta tafi, ta bar muku abin da ya fi allo da tutoci: takardar da ke nuna zurfin rijiyar, yawan ruwan da take bayarwa a awa, irin injin da aka zura da lambarsa, da tsawon lokacin da ɗan kwangilar da ya yi aikin ya ɗauki alhakin gyara in wani abu ya lalace. Ku tambaye su kai tsaye ko ana samun kayan gyaran wannan injin a Damagaram ko Kano, ko sai an yi odarsu daga ƙetare. Na ga rijiya mai ruwa kamar kogi ta shekara a rufe saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba.

Ranar buki kuma, Malam, lokacin da manya ke yanke ƙyalle ana ɗaukar hoto, kai ka zagaya gindin shato da littafinka da alƙalami. Ka rubuta kwanan wata da lambar da ke jikin babban kwantar tun ruwa bai fara gudu ba, ka sa shugaban ƙungiyarku da mai tafiyarwa su sa hannu a ƙasa. Juma'a mai zuwa ka koma ka rubuta ta biyu.